Abin da Ba a Biya Ko Sisi Ba, Yaya Za a Gane Ya Ci Kuɗinsa?

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya. An ɗora mini alhakin zaɓo manhajar da za mu riƙa ajiye takardunmu da sunayen mambobi da lissafin kuɗin shiga da fita. Na samo guda biyu, ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta kyauta. Da na kawo maganar a taro sai aka ce ai babu abin tattaunawa, wadda ba a biyan komai ita ce riba. Hankalina bai kwanta ba, amma na rasa hujjar da zan kafa. Yaya ake gane abu ya ci kuɗinsa alhali babu kuɗin da aka biya?

Amsa: Malam Sakatare, rashin kwanciyar hankalin nan naka yana da tushe, ko da kuwa a ƙarshe ta kyautar ce za ta fi dacewa da ku. Na daɗe ina taya ƙananan ƙungiyoyi da ofisoshi zaɓen irin waɗannan kayan aiki, kuma maganar da aka faɗa maka a taro na ji ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Masu faɗinta ba wawaye ba ne. Ma'aunin da muka saba da shi ne yake daina aiki da zarar an cire farashi.

Ka duba yadda muke ciniki kullum. Amfanin kaya a hannu ɗaya, kuɗinsa a ɗaya hannun, sai mu ga wanne ya rinjayi wani. To in hannun kuɗin ya zama wayam, komai ƙanƙantar amfanin sai ya rinjaya, mutum ya daina tambaya. An ma gwada wannan a aikace. A wani bincike da aka buga a 2007, Kristina Shampanier da Nina Mazar da Dan Ariely sun ajiye wa ɗalibai a Amurka cakulan iri biyu, mai tsada na Lindt a kan senti 15, da na gama-gari na Hershey's a kan senti 1. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka ɗauka mai tsadan suka zaɓa. Sai aka rage senti ɗaya daga kowanne, mai tsadan ya koma 14, na gama-garin ya zama kyauta. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta canja ba ko kaɗan, amma fiye da kashi biyu cikin uku suka koma kan na kyautar. Senti ɗaya tak, amma ya juya zaɓin mutane gaba ɗaya. Abin da ya faru a taronku ke nan. Kalmar kyauta ta shigo ɗaki, lissafi ya fita.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, babu wani aiki da yake gudana ba tare da an kashe masa kuɗi ba. Manhajar nan tana zaune a kan manyan kwamfutoci masu shan wutar lantarki dare da rana, akwai ma'aikata masu karɓar albashi, akwai masu gyara in ta lalace. Kuɗin bai ɓace ba, matsar da shi aka yi. Ko dai an ɗora shi a kan wani mutum daban, ko an ɗage shi zuwa wani lokaci na gaba, ko an canja masa kama ya zama wani abin da ba kuɗi ba, kamar lokacinka ko bayananka. Aikinka shi ne ka bi sawu ka gano inda aka kai shi. In ka gano, ka sami abin da za ka ɗora a hannun da ya zama wayam.

Ka fara da mai biya. Wa ke ciyar da wannan manhaja, kuma abin da yake so ya yi daidai da abin da kake so? Rabin tambayar na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi ake yawan mantawa. Mutane sun saba cewa in ba ka biya ba to kai ne hajar. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar ta yi faɗi da yawa, ba ta taimaka wa mai zaɓe. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana samun fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla. Google ma talla ce jigon kuɗinsa. Amma ba kowane aiki da talla ke ɗauke da shi ne yake cutar da mai amfani da shi daidai da ɗan'uwansa ba. Manhajar taswira tana son ka isa inda za ka, domin in ta ɓatar da kai gobe ba za ka buɗe ta ba. A nan buƙatarka da ta mai ita sun kama hanya ɗaya. Shafin da ake jan sa da yatsa ba ya ƙarewa kuwa, ribarsa tana cikin daɗewarka a kai, kai kuma alherinka yana cikin ka duba abin da ya kawo ka, ka tashi. A nan hanya ta rabu. Duka biyun kyauta ne, duka biyun talla ke biya, amma ba ɗaya suke ba.

Misalin da ya fi nuna mini wannan rabuwar hanya a fili shi ne na Robinhood, wata manhajar sayen hannun jari a Amurka da ta yi suna da cewa ba ta karɓar kamasho. Gaskiya ne ba ta karɓa daga hannun mai saye. Babban kaso na kuɗinta yana fitowa ne daga manyan dillalai da take tura musu odar kwastomominta, su kuma su biya ta. A watan Disamba na 2020 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta sa kamfanin ya biya dala miliyan 65, bisa zargin bai bayyana wa mutane wannan hanyar samun kuɗi yadda ya kamata ba. Hukumar ta ce farashin da kwastomomi suka riƙa samu ya fi na wasu wurare muni, har asararsu ta kai dala miliyan 34.1, bayan ma an cire kamashon da ba su biya ba. Ka lura da wannan da kyau. Mutanen nan sun biya fiye da wanda aka caje shi a fili, kuma babu rasit ɗin da ya nuna musu haka.

Wani lokacin kuma abin ya fi haka ciwo, domin abin da aka yi alkawarin karewa shi ake sayarwa. Avast manhaja ce ta kare kwamfuta daga cutarwa, miliyoyin mutane suna amfani da ta kyautarta. Daga baya ta bayyana cewa wani reshen kamfanin mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta. An rufe reshen a watan Janairu na 2020, kuma a 2024 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 16.5. Mutum ya ɗauki mai gadi, ashe mai gadin yana rubuta shige da ficensa yana kai wa kasuwa. Ina kawo maka wannan ne don abin da za ku zuba a manhajar nan ba naku ba ne ku kaɗai. Sunayen mambobi ne da lambobin wayarsu da abin da kowa ya biya da wanda ake bi bashi. Amana ce. Mutum yana da ikon ya biya da bayanan kansa in ya ga dama, amma ba shi da ikon ya biya da na wasu ba tare da saninsu ba.

Akwai kuma kyautar da masu gudummawa ke ɗauke da ita, kuma wannan ina ganin girmanta ƙwarai. Wikipedia tun 2001 take aiki babu talla, da taimakon masu ba da abin da ya sawwaƙa. Manhajoji da yawa da duniya ta dogara a kansu 'yan sa-kai ne suka rubuta su, suka bar su a buɗe kowa ya ɗauka. A nan ba a neman komai a wajenka, niyya tsarkakakkiya ce. Haɗarin yana wani waje daban, wato gajiya. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka mai suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin ɗimbin shafukan intanet. Sai a lokacin mutane suka farga cewa 'yan tsirarun mutane ne ke kula da ita, gudummawar da suke samu a shekara kuwa ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Saboda haka in ta kyautar taku irin wannan ce, tambayarka ba ta zargi ba ce, ta ƙarko ce. Mutum nawa ke riƙe da ita, yaushe rabon da a sabunta ta, in mai ita ya sami wani aiki gobe wa zai ci gaba?

Nau'in da na fi zaton shi ne a gabanka shi ne na ɗanɗano. Kamfani yana da kwastomomi masu biya, sai ya buɗe ƙaramar ƙofa kyauta da fatan wata rana ka girma ka shiga sahun masu biya. A ganina wannan ya fi yawancin sauran fitowa fili, domin ka san abin da ake so da kai. Sai dai ka nemi inda aka kafa shingen. Mutum nawa za su iya shiga, takarda nawa za a iya ajiyewa, wane aiki ne aka kulle sai an biya. Da wuya a kafa shingen nan a inda za ka ci karo da shi a makon farko. Yana can gaba, a daidai lokacin da kun zuba aikin shekara guda a ciki, fita ta yi wuya.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin da aka ɗage zuwa gaba, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na ga an fi yin kuka.

Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da aka ba ka kyauta, mai shi yana iya canja sharaɗi ko ya karɓe abinsa, kuma bai karya wata doka ba. Google Photos ya fito a 2015 da alkawarin ajiye hotuna ba iyaka kyauta, matuƙar ka yarda a ɗan rage musu nauyi. Mutane suka zuba hotunan shekara da shekaru. Daga ranar 1 ga Yuni, 2021, sababbin hotuna suka fara cin gigabait 15 ɗin da Gmail da Drive suke rabawa tare, in ya cika sai ka biya ko ka goge. An ba da sanarwa watanni kafin lokacin, kuma ba a taɓa tsofaffin hotuna ba, don haka ba zan kira shi yaudara ba. Amma ka dubi wanda ya tara hotuna dubu goma a wurin. Kwashe su aiki ne, kuma ya riga ya saba. Yawanci sai ya biya. Farashin da bai gani ba a 2015 ya same shi bayan shekara shida, a lokacin da ba shi da ƙarfin ciniki. Wasu ayyukan ma rufe su ake yi ɗungurungum. Google Reader, mai tattaro wa mutum sababbin labarai daga shafukan da yake bi, ya tafi a ranar 1 ga Yuli, 2013, duk da ɗimbin masu ƙaunarsa. Skype, wanda ya yi shekara fiye da ashirin yana haɗa mutane da 'yan'uwansu na nesa, Microsoft ta rufe shi a watan Mayu na 2025.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata ƙungiya da na taɓa taimaka wa tana ajiye rajistar mambobinta a wata manhajar kyauta. Shekara huɗu lafiya lau. Wata rana saƙo ya shigo cewa za a daina tsarin kyauta nan da kwana talatin. Saƙon ya faɗa akwatin imel na tsohon sakatare wanda ya bar ƙungiyar, ba wanda ya gani sai da ya rage kwana huɗu. Muka nemi maɓallin sauke bayanai gaba ɗaya, sai muka tarar yana cikin abubuwan da sai mai biya. Kuɗin shekara ake nema a dunƙule, ma'aji kuma ba ya da ikon fitar da shi sai an yi taro. Haka muka zauna mu uku, kwamfuta biyu, muna buɗe shafin kowane mamba muna kwafe sunansa da lambarsa da tarihin biyansa ɗaya bayan ɗaya. Ina tuna ma'ajin, dattijo ne, ya cire tabarau yana murza ido wajen ƙarfe ɗayan dare, ya ce da ni, "Malam, da mun sani ai da tun farko mun biya." Mun tsira da sunaye da lambobi. Rasit ɗin da aka ɗora a matsayin hotuna kuwa ba mu gama kwashe su ba har wa'adin ya cika, kuma daga baya an yi saɓani a kan kuɗin wasu mambobi da ba a iya warware shi da hujja ba. Abin ya daɗe yana damuna, don mutanen kirki ne suka fara zargin juna a kan abin da ba laifin ɗayansu ba.

Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa a kowace manhaja shi ne ƙofar fita, kafin in dubi kyan ɗakin. Zan iya kwashe komai nawa a lokaci ɗaya? A wane irin fayil zai fito, wanda wata manhaja za ta iya buɗewa, ko wanda sai su kaɗai? Hotuna da takardun da aka maƙala suna fitowa tare? In amsar ta yi kyau, to haɗarin kyauta ya ragu sosai, don ko an rufe gobe asararka ta yini ɗaya ce. In amsar ba ta yi kyau ba, wannan kyautar tana da tsada, ko da ba a taɓa neman ko sisi a wajenka ba.

Sai kuɗin da ya canja kama. Mafi girmansa lokaci ne. Hukumar lafiya ta Birtaniya tun 1948 take duba marasa lafiya ba tare da sun biya a bakin ƙofa ba, haraji ne ke ɗauke da ita, kuma abin alfahari ne a wajen mutanen ƙasar. Amma inda babu farashin da zai tace masu nema, layi ne ke tacewa, shi ya sa jiran aikin tiyata ya zama babban abin muhawara a siyasarsu. Haka abin yake a ƙaramin mataki. Manhajar kyauta tana iya sa ka yi da hannu abin da ta kuɗi take yi da kanta. Wannan lissafi ne mai sauƙi, kuma ina so ka yi shi a takarda ka kai taro. A ce tana ƙara maka minti ashirin a kowane mako. A shekara ya haura awa goma sha bakwai, fiye da kwana biyu na cikakken aiki. Ka tambayi 'yan kwamiti nawa za su biya wani ya yi musu aikin kwana biyu, sannan a kwatanta da kuɗin ɗaya manhajar. Abin da ke ɓoye wannan kuɗi a ƙungiyoyi shi ne lokacin sakatare ne ake ci, shi kuma ba ya aika takardar neman biya. Kada kunya ta hana ka faɗin wannan. Wanda zai gaje ka ma zai biya shi.

Akwai wani abu kuma da ake rasawa, wato bakin magana. Wanda ya biya yana da hurumin ya ɗaga waya ya ce a gyara. Wanda aka yi wa kyauta, in asusunsa ya kulle, sau da yawa babu mutumin da zai yi magana da shi, sai shafin tambayoyi da amsoshi da wani fom da ba a san ranar amsa shi ba. Mu ma kanmu nauyi muke ji mu yi ƙorafi a kan abin da ba mu biya ba, kamar rashin godiya ne. A ranar da komai ke tafiya daidai, ta kyauta da ta kuɗi kusan ɗaya suke. Bambancinsu yana fitowa ne a ranar da abu ya lalace, ana gobe babban taro, rahoton kuɗi ya ƙi buɗuwa. Da wannan ranar nake auna su.

Duk wannan ɓangaren abin da kake bayarwa ne. Ɓangaren amfani fa, yaya ake sa masa lamba in babu farashi? Masana tattalin arziki suna juya tambayar. Maimakon nawa za ka biya, sai su ce nawa za a ba ka ka haƙura da shi. Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa sun buga sakamakon irin wannan bincike a 2019. Mutum na tsaka-tsaki a cikin waɗanda aka tambaya ya nemi kimanin dala 48 kafin ya bar Facebook na wata ɗaya, a kan injin bincike na intanet kuwa ya nemi fiye da dala 17,000 kafin ya rabu da shi na shekara. Wannan ya nuna kayan kyauta suna iya zama masu daraja matuƙa. Sai dai akwai gyara a kai. Hunt Allcott da abokansa sun biya wasu mutane a Amurka su rufe Facebook na mako huɗu gab da zaɓen 2018. Waɗanda suka rufe sun sami kusan awa ɗaya ta rara a kowace rana, sun ce sun ɗan fi jin daɗin rayuwa, kuma bayan an gama gwajin sun rage amfani da shi da kansu. Wato wani ɓangare na abin da mutum yake ɗauka amfani ne, sabo ne kawai. Ba za ka iya raba su da tunani ba, sai da gwaji. Ka ajiye abu na mako ɗaya ka ga me ya tsaya. In aiki ne ya tsaya, yana da daraja. In hannunka ne kawai yake lalubensa, ka san matsayinsa.

Yanzu kuma kada ka zarce ka faɗa ɗaya kuskuren, na masu cewa araha ba ta ado, duk abin da ba a biya ba banza ne, ko kuma mutane ba sa daraja abin da aka ba su kyauta. Wannan ma an gwada shi, kuma bai tsaya ba. Jessica Cohen da Pascaline Dupas sun yi bincike a asibitocin awon ciki a Kenya, an buga shi a 2010. An raba wa wasu mata masu juna biyu gidan sauro kyauta, wasu aka sayar musu a kan ɗan kuɗi kaɗan. Da farashin ya tashi daga kyauta zuwa kimanin senti 60 na dalar Amurka, masu karɓa suka ragu ƙwarai da gaske. Waɗanda suka samu kyauta kuma ba su gaza masu saye wajen rataya shi su kwana a ciki ba. A nan kyauta ta ceci rayuka, farashi kuwa korar mabuƙata kawai ya yi. Haka nan biyan kuɗi ba ya wanke kamfani. Akwai manhajojin kuɗi da ke tattara bayananka kamar na kyauta, akwai masu ƙara farashi duk shekara, akwai masu rufewa. Saboda haka duk tambayar da ka yi wa ta kyautar, ka yi wa ta kuɗin ita ma, ba sani ba sabo. Na sha ba ƙungiyoyi shawarar su tsaya a kan ta kyauta, kuma ban yi nadama ba.

Ga abin da zan yi da ni ne a kujerarka. Zan ware yammaci ɗaya in buɗe asusu a duka biyun, da adireshin imel na ƙungiya, ba nawa na kaina ba, kuma in tabbatar mutum biyu aƙalla suna da kalmar sirrin. Zan zuba sunaye ashirin na ƙirƙira, ba na mambobi na gaske ba, da rasit biyu ko uku. Sannan in gwada fitar da su duka in buɗe a wata manhajar daban, in ga me ya fito, me ya maƙale. Zan aika wa sashen taimako na kowacce tambaya ɗaya, in rubuta ranar da na aika da ranar da amsa ta zo, in kuma lura ko mutum ne ya amsa. Zan karanta sashe biyu kawai na dogon sharaɗin nan da kowa ke tsallakewa: wanda ya yi magana a kan ba wa wasu bayanai, da wanda ya faɗi abin da zai faru da asusun da aka daɗe ba a taɓa ba. Na biyun ba wasa ba ne, Google da kansa tun Disamba 2023 yake da ikon goge asusun mutum da ya shekara biyu ba a shiga ba. Daga nan in duba shingen ta kyautar in kwatanta da yawan mambobin da muke sa ran samu nan da shekara uku, ba na yau ba, in rubuta nawa za a nema a wajenmu ranar da muka haye shi.

Abin da za ka kai taro bai wuce shafi ɗaya ba. A ƙarƙashin kowace manhaja ka rubuta wa ke biya, awa nawa za ta ci a shekara, me za a yi da sunayen mambobi, kwana nawa fita za ta ɗauka, da wanda za a kira in ta lalace. In ta kyautar ta amsa waɗannan da kyau, ku ɗauke ta da farin ciki, kuɗin ya tafi wani aikin. Kowacce kuka zaɓa, ka nemi kwamiti ya amince a rubuce cewa a ƙarshen kowane wata za a sauke kwafin komai a ajiye shi a wuri biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun ma'aji, kuma a sa wannan cikin takardar miƙa aiki ga sakataren da zai zo bayanka.